Na sayi sabon tankin kifi, yaushe zan zuba kifaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kano. Na sayi tankin gilashi mai cin lita 60, da matatar ruwa da injin iska, na cika shi da ruwan famfo tun shekaranjiya, kuma ruwan garau yake. Mai shago ya ce kwana ɗaya ya isa in zuba kifi, wani abokina kuma ya ce sai na jira wata guda. A bara na sayi kifaye shida na sa a wani ƙaramin tanki, suka mutu ɗaya bayan ɗaya cikin kwana goma. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bi maganar abokinka, amma da gyara, domin jira kaɗai ba zai yi maka komai ba. Ko wata uku tankin ya yi cike da ruwa zalla, ranar da ka zuba kifi daidai yake da wanda aka cika jiya. Akwai aikin da ake yi a cikin waɗannan makonni, shi ne muke kira nunar da tanki. Mutuwar kifayenka na bara kuwa, yadda ka kwatanta ta, irin wadda nake yawan gani ce a hannun sababbin masu kiwo, kuma tana damuna ƙwarai, saboda kifayen lafiyarsu ƙalau aka sayo su, mai su ma yana ƙaunarsu, bayani ne kawai bai samu ba.

Kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake zubar da ƙazantarsa. Babbar ƙazantar da jikinsa ke fitarwa ita ce amoniya, wani sinadari mai guba, kuma galibinta ba ta kashi take fita ba, ta jajayen sassan nan na gefen kansa take fita, waɗanda yake numfashi da su. Ragowar abinci da kashi da ganyen da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. A madatsar ruwa kamar ta Tiga wannan ba abin damuwa ba ne, ruwan yana da yawa, ga tsirrai da laka suna shanye ta. A lita 60 kuwa ba ta da wurin zuwa. Ba ta da launi, ba ta gurɓata ruwa a ido, shi ya sa hasken ruwanka bai gaya maka komai ba. Tana ƙone wa kifi wurin numfashi, sai ka ga ya daina cin abinci, ya maƙale fikafikansa a jiki, ya koma saman ruwa yana haki.

Abin da ke ceton kifi a tsohon tanki wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Rukuni na farko suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wadda za ka ga an rubuta NO2 a jikin kwalbar gwaji. Rukuni na biyu suna cin naitirait su mayar da ita naitiret, wato NO3. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi a wajajen shekarar 1890. An daɗe ana rubuta wa masu kiwo cewa nau'in ƙwayoyin da ake kira Nitrosomonas ke aikin farko, Nitrobacter ke na biyu, har sai da binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka a 1998 ya nuna cewa a tankunan kifi na ruwa mara gishiri, Nitrospira ce ke yin mafi yawan aikin na biyu. Sunayen ba dole ka haddace su ba. Halayensu biyu ne nake so ka riƙe, don duk abin da zan faɗa a gaba a kansu ya dogara.

Na ɗaya, ba a cikin ruwa suke yawo ba, mannewa suke yi a jikin abu: soson matata, tsakuwar ƙasan tanki, gilashi, duwatsun ado, musamman inda ruwa mai iska yake ratsawa. Don haka matatar ce take nuna, ruwan kansa ba ya nuna. Mutum zai iya ɗebo maka jarka guda ta ruwan tsohon tankinsa, kusan babu abin da ya ba ka sai ƙazantar kifinsa. Na biyu, hayayyafarsu tana da nawa sosai. Bakteriyar da ke ɓata miya tana iya ninka kanta cikin minti ashirin, waɗannan kuwa sai su ɗauki mafi yawan yini da dare kafin ɗaya ta zama biyu, rukuni na biyun ma sun fi nawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa aikin ke cin mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8.

A nan ne mutane da yawa suke shiga tarko. Kifin da ya jure amoniyar makon farko, mai shi sai ya ɗauka an tsallake, har ya ƙaro wasu. A mako na biyu ko na uku naitirait ta taru, don masu yin ta sun yi yawa, masu cin ta kuwa ba su kai ba. Ita naitirait shiga jinin kifi take yi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Za ka ga injin iska yana ta aiki, kumfa na tashi, amma kifi yana haki kamar an shaƙe shi. Naitiret ta ƙarshe ita ce mai sauƙin illa, ita muke ragewa da canjin ruwa kowane mako.

To, ga yadda za ka yi da tankinka tun babu kifi a ciki.

Ka fara da ruwan. Ruwan famfo ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambanta mugu da nagari, zai kashe waɗanda kake son renowa. Kulorin zalla yana fita in ruwa ya kwana a buɗe ana busa masa iska, amma akwai wani nau'insa da ake kira kuloramin wanda ba ya fita da ajiya. Saboda haka na fi son ka sayi maganin cire kulorin a shagon kifi, ka riƙa ɗiga shi a duk ruwan da zai shiga tankin. In ruwan burtsatse za ka yi amfani da shi, babu kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe a ciki, wanda ke barin jan tabo a bokiti. Ka bar shi ya kwana ana busa masa iska. Ruwan rijiya ka gwada shi tukuna, don rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki takan zo da naitiret ko amoniya tun daga tushe. Ruwan leda da ruwan sama ban ba da shawararsu su kaɗai ba, zan faɗi dalili a gaba.

Sai kayan gwaji, kuma a nan ba na sassautawa. Wanda ba shi da abin auna amoniya da naitirait lalube yake yi cikin duhu. Ka nemi na ɗigo, irin wanda ake zuba ruwan tanki a ƙaramar kwalba a ɗiga magani a kwatanta launi da kati. Na kamfanin API sananne ne, yana auna amoniya da naitirait da naitiret da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Akwai na tsinken takarda mai araha, amma ka duba da kyau, da yawansu ba sa auna amoniya sam. Na san kuɗinsa yana da nauyi, wani lokaci sai an yi odarsa daga Legas ko Abuja. In ya yi maka tsada, ku haɗa kuɗi da abokin naka, kwali ɗaya zai ishe ku ku biyu na tsawon lokaci. Ma'aunin da ke jikin katin miligiram ne a kowace lita, ana rubuta shi ppm.

Yanzu sai a ba ƙwayoyin abinci, wato amoniya. Hanya mafi tsafta ita ce garin amoniyam kuloraid, wanda ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu. Ka narka giram 10 a lita ɗaya ta ruwa, ka rubuta suna a jikin robar, ka ajiye inda yara ba za su kai ba. Daga ciki ka zuba kimanin mililita 35 zuwa 40 a tankinka, sirinji zai taimake ka wajen awo. Wannan zai kai ruwan kusan ppm 2. Bayan awa ɗaya ka gwada ka tabbatar. Kada ka zarce haka da tunanin za a yi sauri, amoniya mai yawa tana haifar da naitirait mai yawan da katinka ba zai iya karantawa ba, ka rasa inda kake. Kada kuma ka yi amfani da ruwan amoniya na goge-goge mai ƙamshi ko mai kumfa, akwai sabulu a ciki.

In ba ka samu garin ba, abincin kifi ma yana yi. Kowace rana ka barbaɗa ɗan abin da kifaye biyar ko shida za su ci, ka bar shi ya ruɓe. Wannan hanya ta fi ƙazanta, ta fi jinkiri da 'yan kwanaki, kuma ba ka da iko a kan yawan amoniyar, amma tana kaiwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayo wasu kifaye masu araha a jefa su ciki don su sha wahalar a madadin masu tsada. Rai ne da su, kuma babu buƙatar hakan tunda ga hanyar da ba ta cutar da kowa.

Matata da injin iska su riƙa aiki dare da rana. Fitilar tanki ba dole ba ce, in ba tsirrai masu rai ka dasa ba, barinta a kunne gansakuka kawai zai jawo maka. A kwanakin farko ruwan zai iya yin fari-fari kamar an ɗiga madara. Wasu ƙwayoyi ne dabam masu saurin hayayyafa, ba su ne waɗanda muke jira ba, kuma da kansa zai washe. Kada ka kwashe ruwan ka wanke tanki saboda shi.

Ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu ko uku, kana rubutawa a littafi da kwanan wata. Makon farko wataƙila ba za ka ga wani canji ba. Daga nan amoniya za ta fara sauka, naitirait ta bayyana. Duk lokacin da amoniya ta kusa ƙarewa ka ƙara kaɗan, kamar rabin abin da ka zuba da farko, don kada rukuni na farko su zauna babu abinci. Zangon naitirait shi ne mafi tsawo, shi ne kuma inda haƙurin mutane ke ƙarewa. Kwalbar gwaji za ta yi ta nuna launi ɗaya mako biyu ko uku, har ka fara zargin maganin ya lalace. Akwai lissafi a ciki: ppm 1 na amoniya yana komawa kusan 2.7 na naitirait, sannan kusan 3.6 na naitiret, shi ya sa take taruwa da yawa haka. In ta wuce iyakar kati, wato sama da 5, ka canza rabin ruwan da wanda aka cire wa kulorin. Canjin ruwa ba ya mayar da aikin baya, tunda ƙwayoyin suna manne a soso. Sai wata rana ka wayi gari ka ga ta faɗi, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu.

In aikin ya tsaya cik, abu na farko da za ka duba shi ne pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi suna cinye ma'adinin da ke hana ruwa yin tsami, don haka pH yana sauka a hankali. In ya yi ƙasa da 6.5 aikinsu yana raguwa sosai, a wajen 6 kuwa kusan tsayawa yake yi. Ruwan sama da ruwan ledar da aka tace har ya rasa ma'adinai su ne suka fi saurin shiga wannan hali, dalilin da ya sa na hana ka su ke nan. Maganinsa canjin ruwa, ko rabin cokalin shayi na bekin soda a lita 60, ka sake gwadawa bayan awa biyu. Wani ya taɓa tambayata ko kanwa za ta yi. Kada ka sa ta, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma tana iya harba pH sama fiye da kima. Hawan pH yana da nasa haɗarin in akwai kifi: a zafin digiri 25, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ce ke cikin siffarta mai guba, idan ya kai 8 kuwa ta haura kashi 5, kusan ninki goma ke nan.

Tunda a Kano kake, akwai abu biyu da littattafan ƙasashen waje ba sa tsayawa a kansu. Na farko ɗauke wuta. Waɗannan ƙwayoyi da oksijin suke aiki, kuma suna cin sa da yawa. Ɗauke wuta na awa biyu ko uku ba zai kashe su ba, amma matatar da ke rufe ruf in ta yi dogon lokaci ruwa ba ya motsi a cikinta, iskar ciki tana ƙarewa, ruwan ya fara wari. In hakan ta faru, ka zubar da ruwan cikin matatar kafin ka kunna ta, kada ya koma tanki. Shi ya sa nake ba masu farawa a nan shawarar matatar soso, wadda injin iska ke tafiyar da ita. Tana zaune a cikin tankin a buɗe, kuma akwai ƙananan injinan iska masu batir ko masu aiki da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, waɗanda za su riƙe ta har wuta ta dawo. A ganina wannan ɗan injin ya fi duk wani kayan ado da za ka saya muhimmanci.

Na biyu yanayi. Ƙwayoyin sun fi saurin aiki a zafin digiri 26 zuwa 30, don haka mafi yawan shekara zafinmu taimako ne, ba ka buƙatar hita. Amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura 40, ka nisantar da tankin daga taga da rana, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, ruwan ɗaki yakan yi sanyi da dare, aikin ya yi nawa. In a lokacin ka fara, ko dai ka sa ƙaramar hita, ko ka ƙara wa haƙurinka mako biyu.

Akwai hanyar rage tsawon jiran, kuma duk wanda ya ga yadda ake kindirmo ya san ta: ana zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara ta kama da wuri. In abokin naka yana da tankin da ya yi watanni kifaye suna lafiya a ciki, ka roƙe shi yankin soson matatarsa, ko ya matse maka shi a leda, baƙin ruwan nan mai dauɗa shi ne abin da kake nema. Ka kawo shi a jiƙe, kada ya bushe, kada ya zauna a rana, ka sa a matatarka da ka isa gida. Da wannan dabara, aikin mako shida yakan dawo mako ɗaya zuwa biyu. Sharaɗinsa guda ne, tankin da aka ɗauko ya kasance babu cuta, don abin da ke ɗauko alheri yana iya ɗauko sharri. Kada ka ɗebo laka daga kududdufi ko kogi saboda wannan dalili. Akwai kuma ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalba, irin su Tetra SafeStart. Masu kyau suna taimakawa, sai dai abu ne mai rai, kwalbar da ta sha zafin sito da na mota tana iya zuwa maka babu komai a ciki. In ka saya, ka ci gaba da gwaji kamar ba ka saya ba.

Ga yadda za ka san an gama. Ka zuba amoniya ta kai ppm 2, ka jira awa 24, ka gwada. In amoniya ta nuna sifili, naitirait ta nuna sifili, naitiret kuma ta hau, tankin ya nuna. Ka maimaita washegari don ka tabbata. Daga nan ka canza kashi biyu cikin uku na ruwan, don naitiret ta sauko ƙasa da 20 ko kusa da haka, ka daina zuba amoniya, ka kawo kifi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka fara da kaɗan, kamar ƙananan kifayen ado da ake kira gupi ko filati guda shida, bayan mako biyu in gwaji yana nuna sifili ka ƙara. Jan kifin nan na ado da ake kira golfish kada ka sa shi a lita 60, yana girma sosai kuma ƙazantarsa tana da yawa. Haka 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, cikin 'yan watanni za su fi ƙarfin tankin.

In kuma kafin amsar nan ta iso ka riga ka sayo kifin, kada hankalinka ya tashi, sai dai aikinka ya ƙaru. Kada ka zuba amoniya ko kaɗan, kifin ne zai samar da ita. Ka rage abinci zuwa sau ɗaya a rana ko bayan kwana biyu, ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya, kifi yana jure yunwa fiye da yadda yake jure guba. Ka yi gwaji kullum, kuma duk ranar da amoniya ko naitirait ta kai 0.5 ka canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na tankin. In naitirait ce ta hau, ka narka rabin cokalin shayi na gishirin girki a kofi ka zuba, domin sinadarin da ke cikin gishiri yana rage shigarta jinin kifi. Ka nemo tsohon soson nan da gaggawa, a wannan hali ya fi amfani.

Bayan tankin ya nuna, abin da ke rusa shi sau da yawa tsafta ce mai yawa. Na sha ganin wanda ya yi komai daidai, bayan wata biyu ya ga soso ya yi baƙi, ya kai shi bakin famfo ya wanke tas da sabulu, ko ya yar ya sa sabo, cikin mako kifaye suka fara mutuwa. In ruwa ya rage gudu a matata, ka ɗebi ruwan tankin a bokiti, ka matse soson a ciki sau biyu ko uku, ka mayar da shi da sauran launinsa. In dole sai an canza, ka sa sabon kusa da tsohon su yi mako uku ko huɗu tare kafin ka cire tsohon. Haka kuma in ka taɓa zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a tankin don jinyar kifi, ka koma gwajin amoniya da naitirait kullum har mako guda bayan an gama maganin.